Mushairib: Unguwar da Aka Gina Domin Mai Tafiya a Ƙasa

Duk wanda ya san birnin Doha na ƙasar Ƙatar a watannin zafi, sa'ad da ma'auni kan haura digiri 40 tun rana ba ta take tsaka ba, ga kuma laimar teku da ke sauka a kan gari har numfashi ya yi wa mutum nauyi, ba zai yi mamaki ba in an gaya masa cewa mutanen wannan birni sun daɗe da sallama tafiyar ƙasa, sun miƙa al'amarinsu ga mota, daga ƙofar gida zuwa ofis, daga ofis zuwa kanti, har zuwa masallacin da bai wuce jifa biyu ba. Abin da ya cancanci mamaki shi ne, a cikin wannan birni ne, a cibiyarsa kuwa, mahukunta suka ɗaura aniyar rushe tsohuwar unguwa su sake gina ta bisa sharaɗin cewa mazauninta zai iya fitowa daga ɗakinsa ya kai ɗansa makaranta, ya zarce wurin aiki, ya sami salla cikin jam'i, ya yi cefane, sa'an nan ya komo gida, duk da ƙafarsa. Sunan unguwar Mushairib. Faɗinta hekta 31 ne, an aza harsashinta a farkon 2010, an kuma ƙiyasta abin da za ta ci a kan riyal biliyan 20, watau wajen dala biliyan biyar da rabi.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa aka zuba wannan dukiya a kan fili da bai kai wata gonar ba, wajibi ne a waiwayi abin da ke wurin tun da fari. Kafin zuwan man fetur, Doha ƙaramin gari ne na masunta da masu nutso cikin teku neman lu'ulu'u, gidajensa na dutse da laka, rufinsu na sandunan itace waɗanda jiragen ruwa ke kawowa daga gabashin Afirka da Indiya. Kowane dangi da unguwarsa, wadda suke kira farij. Tsakanin gidaje akwai siririn lungu, shi ne sikka. Inda lunguna suka haɗu kuwa sai a bar ɗan fili, baraha, inda dattawa ke zama da yamma, yara na wasa, masu talla na kasa kaya. Mushairib tana gefen wani kwari ne da ruwan sama ke bi ya gangara teku, kusa da kasuwar Waƙif da fadar sarki. A cikin shekarun 1930 lu'ulu'un da mutanen Japan suka koyi kiwonsa ya karya kasuwar na teku, talauci mai tsanani ya auka wa ƙasar, har mutane da yawa suka yi ƙaura; ba a ga sauƙi ba sai bayan da jirgin farko ya ɗauki man Ƙatar a ƙarshen 1949. Daga nan sai unguwar ta bunƙasa, a cikinta ne ma aka fara haska wani titi da wutar lantarki a duk faɗin garin, shi ne har yau ake kira Titin Kahraba.

Amma arzikin da ya haska unguwar shi ne kuma ya kwashe mata mutanenta na asali. Bayan samun mulkin kai a 1971, gwamnati ta ɗauko masana tsara birane daga Ingila, ta shiga sayen filayen tsohon gari daga hannun masu su da farashi mai tsoka, tana ba su wasu filaye a bayan gari. Kowane magidanci ya je ya gina katafaren gida, ya kewaye shi da katanga, ya ajiye motoci. Aka cike wani sashe na teku a arewacin gari, aka fara da otal ɗin Sheraton a 1982, daga bisani dogayen benaye na gilashi suka biyo baya, irin waɗanda ke zuƙar zafin rana su tara shi, har ba mai iya zama cikinsu sa'a guda in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Tsofaffin gidajen Mushairib kuwa, waɗanda ba a rushe ba, sai aka yayyanka su ɗaki-ɗaki aka ba baƙi haya, galibinsu daga Indiya da Pakistan da Bangaladash da Nefal. Su ne suka riƙe unguwar shekara da shekaru: teloli, masu aski, masu gyaran rediyo da agogo, masu sayar da yadi da kayan lantarki, masu shayi da ƙananan gidajen abinci. Gine-ginen sun tsufa, wasu sun lalace, cunkoso ya yi yawa. Amma lalle ya kamata a riƙe wannan a zuciya, cewa unguwar da aka rushe domin a gina unguwar masu tafiya a ƙasa, ita ma ta masu tafiya a ƙasa ce, mai gidaje a sama da shaguna a ƙasa, sai dai masu tafiyar talakawa ne kuma baƙi.

Kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin, Msheireb Properties, reshe ne na Gidauniyar Ƙatar wadda Shaiha Moza bint Nasir ke shugabanta, kuma ita ce ake jingina wa tunanin tun daga tushensa. Damuwarta, kamar yadda aka sha bayyanawa, ita ce garin ya cika da gine-ginen aro waɗanda ba su san yanayin ƙasar ba, ba su kuma san al'adar mutanenta ba. Aka tara kamfanonin Arup da AECOM da Allies and Morrison na Landan domin su tsara taswira, aka shafe shekaru ana nazarin tsofaffin gidaje da hotunan garin da aka ɗauka daga sama a da, har aka fitar da ƙa'idodi bakwai da kowane mai zanen gini zai bi, a kan sha'anin gida, da titi, da yanayi, da dangantakar sabo da tsoho. Hikimar wannan ita ce, gine-gine fiye da ɗari ne za a yi, daga mai hawa 3 har zuwa mai hawa 30, kuma hannu daban-daban ne zai zana su. In ba a yi musu linzami ɗaya ba, kowa zai nemi nasa ya fi na kowa fitowa, a wayi gari an sake maimaita cutar da aka zo magani.

Aiki mafi wuya kuwa an yi shi ne inda ido ba ya gani. Da yake masu aikin sun san ba za a raba mutumin Doha da motarsa da wa'azi ba, sai suka yanke shawarar binne ta. Aka haƙa kusan dukan filin, rami mai zurfin hawa da yawa, a wurin da ke dab da teku, inda ruwan gishiri ke ɓuɓɓugowa da zarar an nitsa kaɗan, ta yadda sai da aka kakkafa bangayen kankare da rodi kewaye da ramin, injuna na zuƙe ruwa dare da rana, kafin a sami damar aza tushe. A cikin wannan rami aka shirya wurin ajiye mota wajen 10,000, da hanyoyin da manyan motocin kaya za su bi su sauke wa shaguna da otal-otal hajarsu, da bututun ruwa da wayoyi. Ta nan ne kuma ruwan sanyi ke bi daga babbar ma'aikata guda ya ratsa dukan gine-gine, maimakon kowane ɗaki ya rataya tasa na'urar a bango tana huro zafi a kan mai wucewa. A kan rufin benaye aka jera dubban allunan da ke juya hasken rana lantarki, da waɗanda ke ɗumama ruwa. Da wannan dabara ce aka 'yantar da doron ƙasa, aka bar wa ɗan Adam, ko da yake ba a hana mota shiga wasu tituna ɗungum ba. An dai ƙuntata mata, an tilasta mata tafiya sannu.

Inda aikin ya fi burge ni, kuma inda nake ganin ya fi cancantar a tsaya a yi nazari, shi ne sha'anin inuwa. Masu taswirar sun lura cewa iskar da ta fi kaɗawa a wannan gaɓa daga arewa maso yamma take zuwa, wadda mutanen wurin ke kira shamal, saboda haka suka daidaita manyan tituna yadda za su karɓe ta su zarce da ita cikin unguwa. Suka kuma matse lunguna, suka ɗaga bangon da ke gefensu, domin rana ta kasa kaiwa ƙasa sai na ɗan lokaci. Gine-ginen an liƙa su kafaɗa da kafaɗa har bakin hanya, ba a ja kowane baya an bar masa fili a gaba ba, ta yadda kowane gini ke yi wa ɗan'uwansa inuwa, dukansu kuma suna yi wa mai wucewa. A ƙasan da yawa daga cikinsu an janye bangon shago ciki, an bar jerin ginshiƙai, mutum na tafiya ƙarƙashin rumfa daga wannan kusurwa zuwa waccan. An lulluɓe bango da dutse mai haske wanda ba ya riƙe zafi kamar baƙin gilashi, tagogi kuwa an nitsar da su cikin kaurin bango, an yi wa wasu raga, domin haske ya shiga ba tare da rana ta biyo shi ba. Wanda ya taɓa fitowa daga kan kwalta da tsakar rana ya faɗa cikin lungunan tsohon birnin Kano ko Zariya, ya ji yadda jikinsa ya yi sanyi nan take, ya riga ya san wannan ilimi, ko da bai taɓa jin sunan wani mai zanen gini ba.

Haƙiƙa kuwa ilimin ba baƙo ba ne a garuruwan Musulmi, kuma ba magina kaɗai suka tsare shi ba, har da malaman fiƙihu. Su ne suka yi bayanin faɗin hanya in an yi jayayya a kanta, cewa zira'i bakwai ne, gwargwadon abin da raƙuma biyu masu kaya za su gifta juna. Su ne suka yi magana a kan ɗan filin da ke jikin bangon gida, wanda mai gida ke da haƙƙin amfani da shi ba tare da ya tare hanya ba. Haka kuma sun yi magana a kan tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, da indararon da ke zuba kan mai wucewa, da hayaƙin gidan burodi da warin majema, duka a ƙarƙashin ƙa'idar hana cuta da cutarwa. Wani magini a birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya duba gine-ginen da ake shari'a a kansu, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce bisa mazhabar Malikiyya a littafi guda. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi a kan mallakar ƙasa da raya ta. Bambancin da ke akwai shi ne, tsohon lungu ya samu ne sannu a hankali daga sulhun maƙwabta da hukuncin alƙali, na Mushairib kuwa an zana shi a takarda rana ɗaya, mai shi kuma guda ne. Surar ta yi kama, amma hanyar da aka bi aka iso gare ta dabam ce, kuma wannan yana da tasiri a kan wanda zai zauna a ciki.

Game da haɗa gidaje da sana'o'i a wuri ɗaya, an cika alkawari gwargwado. A gefen da ke fuskantar fadar sarki akwai ofisoshin hukuma da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Sai gidajen zama ɗaruruwa, wasu a benaye, wasu masu tsakar gida da majalisar baƙi daban da cikin gida, domin iyalin da ke kiyaye sitira. Sai makarantar yara, da ofisoshin kamfanoni, da shaguna, da otal-otal irin su Mandarin Oriental da Park Hyatt. An gyara tsohon filin Idi aka bar shi a inda yake. Akwai masallacin da kamfanin John McAslan ya zana, fari tas, mai kusurwa huɗu, wanda aka huhhuda rufinsa da zane domin hasken rana ya wadatar da masallata ba sai an kunna fitila ba. A tsakiya kuwa ga Barahar Mushairib, babban dandali mai rumfar da ake shimfiɗawa da rana a naɗe da dare. Wani ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya a kan titi yana kewaya unguwar, tafiyar wajen kilomita biyu da tasha tara, ba a biyan ko sisi. Kuma tun 2019, da aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na Doha, tashar Mushairib ce mahaɗar layukansa uku, ja da kore da ruwan zinariya. Wannan haɗi da jirgin ƙarƙashin ƙasa, a ganina, ya fi duk wani ado muhimmanci, gama unguwar masu tafiya a ƙasa wadda ba a iya isa gare ta sai da mota, rabin aiki ce.

Ba a gama aikin a wa'adin da aka ɗiba ba. An yi ta buɗe shi kashi-kashi har ya haura shekara goma. Ɗaya daga cikin manyan 'yan kwangilarsa, kamfanin Carillion na Ingila, ya durƙushe a Janairun 2018, tsofaffin shugabanninsa suka shaida wa kwamitin majalisar dokokin ƙasarsu cewa suna bin masu aikin wajen fam miliyan 200, masu aikin kuma suka musanta. Wannan rigimar manya ce. Wadda ta fi damun mai imani ita ce ta leburori da birkiloli da masu ɗaurin rodi, dubbai, 'yan ci-rani daga kudancin Asiya da wasu ƙasashe, waɗanda suka yi ta aiki cikin rana domin wasu su sami inuwa. Mafi yawan ginin an yi shi ne a zamanin da tsarin kafala ke da cikakken ƙarfinsa, lokacin da ma'aikaci ba ya iya sauya ubangida sai da izininsa. Sai a 2020 aka ɗage wannan sharaɗi. A 2021 aka fara aiki da mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, ban da kuɗin abinci da makwanci, aka kuma faɗaɗa hanin aiki a fili, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Gyara ne na gaske, ba a raina shi. Amma ya zo bayan an aza yawancin duwatsun, kuma mai albashin riyal dubu ba zai iya hayar ko lungun ɗaki a unguwar da ya gina ba.

Akwai wani abu da masu aikin suka yi wanda adalci ya wajabta a yaba musu. Sun tsame tsofaffin gidaje huɗu daga rusau, suka gyara su, suka mayar da su gidajen tarihi a 2015. Ɗaya shi ne gidan da kamfanin mai na farko ya yi ofis, inda ake ba da labarin 'yan ƙasar da suka fara aikin haƙar mai a Dukhan cikin wahala; ɗaya gidan iyalin Radwani ne, mai nuna zaman gida irin na da; ɗaya na Shaihu Muhammad bin Jasim, inda aka ajiye labarin unguwar kanta tare da tarkacen da aka tsinto daga gidaje da shagunan da aka rushe. Na huɗun, gidan Bin Jalmud, na wani mai fataucin bayi ne, aka kuwa keɓe shi domin tarihin bauta a tekun Indiya, da mutanen da aka kwaso daga gabashin Afirka da wasu wurare aka sa su nutso neman lu'ulu'u da aikin gonakin dabino, har zuwa 1952 da aka haramta bauta a ƙasar. Bai kuma tsaya nan ba, sai da ya taɓo zaluncin da ake yi wa ma'aikata a wannan zamani. A yankin da ba a saba furta wannan magana a fili ba, buɗe irin wannan gida a tsakiyar babban birni, kusa da fada, jarumta ce.

Sai dai tarkacen da ke cikin gilashi a gidan Muhammad bin Jasim na mutane ne masu rai, waɗanda aka ba wa'adi suka kwashe kayansu. 'Yan kasuwa da yawa an nuna musu sabon wuri a wajen gari, ta hanyar Wakra, nesa da abokan cinikin da suka saba; 'yan haya kuwa suka warwatsu cikin wasu unguwanni. Wata marubuciya Ba'amurkiya, Jane Jacobs, a littafinta na 1961 a kan manyan biranen ƙasarta, ta kawo sharuɗɗa huɗu da unguwa ke bukata domin ta rayu: a haɗa ayyuka iri-iri, a gajarta tsakanin mararraba, jama'a su yi yawa, kuma a sami tsofaffin gine-gine gauraye da sababbi. Dalilinta a kan na ƙarshen shi ne, sabon gini dole ne ya nemi haya mai tsada domin ya mayar da kuɗin da aka kashe, saboda haka babu mai iya shiga cikinsa sai babban kamfani ko mai sayar da kayan ƙawa. Tela da mai gyaran takalmi da mai shayi kuwa sai tsohon gini, wanda ya riga ya biya kansa. Mushairib ta yi ƙoƙari a kan sharuɗɗa uku, ta rushe na huɗu da hannunta. Shi ya sa shagunanta suka fi karkata ga gidajen gahawa da na abinci masu tsada da kayan ado, kuma shi ya sa mai neman hayaniyar ciniki ta gaske har yanzu yakan tsallaka zuwa kasuwar Waƙif.

Ba na cewa unguwar kango ce. A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022 ta cika maƙil da baƙi, da yamma a watannin sanyi kuma iyalai kan fito su zaga, yara na guje-guje a dandali ba tare da fargabar mota ba, abin da ya yi ƙaranci a garin a da. Ofisoshi suna ta ƙaura zuwa cikinta. Amma burin farko shi ne a komo da iyalan 'yan ƙasa tsakiyar gari, su da ba su wuce wajen ɗaya bisa goma na mazauna ƙasar ba, kuma sun saba da faffaɗan gida mai katanga da majalisa da wurin ajiye motoci; raba mutum da wannan ya fi haƙa rami a bakin teku wuya. Farij na da ya tsayu ne a kan dangantaka da haƙƙin maƙwabtaka, inda mai wadata da mabukaci ke sahu ɗaya a masallaci kuma ƙofa ɗaya ke raba su, kuma wannan ba ya cikin abin da ɗan kwangila ke miƙawa ranar da ya kammala aiki.

Da za a tambaye ni abin da ya rage, da na ce magani yana cikin gadon da masu aikin suka ce shi suke rayawa. A tsofaffin biranen Musulmi, daga Fas zuwa Alƙahira zuwa Halab, shaguna da ɗakuna masu yawa waƙafi ne, hayarsu na tafiya ga masallaci ko makaranta ko rijiya, kuma ba a sayar da su, ba a gādon su. Unguwar da mai ita guda ne, kuma gidauniya ce ba ɗan kasuwa mai jiran riba gobe ba, tana da ikon da wasu ba su da shi: ta ware wani adadi na shagunan lungu ta tsayar da hayarsu daidai ƙarfin tela da mai aski da mai gyaran waya, ta kuma ware wasu ɗakuna domin malaman makarantar, da ladanin masallacin, da masu shara da masu gadi, waɗanda mafi yawan irinsu a Doha a yau mota ke kwasowa daga bayan gari da asuba ta mayar da su da dare. Gine-ginen sun riga sun tsaya, jirgin yana tafiya, kuma wannan mataki ba ya bukatar a sake haƙa ko taki ɗaya. Takarda ce kawai da sa hannun masu iko.